TARIHI: Rabah da Kwalejin Gamji, daga ganuwar ribaɗi zuwa rufe makarantun kwana

Rabah gari ne da ke gabashin Jihar Sakkwato, a gaɓar arewa ta Gulbin Sakkwato, tazarar kilomita 30 da 'yan kai daga babban birnin jihar. Shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Rabah, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum kimanin 149,000. Ƙaramar hukumar tana iyaka da Wurno da Goronyo da Isa, da kuma Jihar Zamfara, kuma ita da Wurno ne ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya.

An fi sanin garin da abu biyu. Na farko, a nan aka haifi Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. Na biyu, a nan Kwalejin 'Yan Mata ta Gamji take, makarantar sakandare ta kwana mallakar gwamnatin jiha, wadda ke ɗauke da sunan da ake yi wa Sardauna kirari da shi. A watan Disambar 2020 sunan kwalejin ya fito a jerin makarantun kwana 16 da gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufewa saboda tsoron satar ɗalibai.

Tarihin garin da na makarantar a haɗe suke, domin kusan shekara 200 ke nan hukumomi daban-daban suna fama da tambaya ɗaya a wannan yanki: shin tsaro za a kai wa mai karatu a ƙauyensu, ko kuwa mai karatun za a ɗauke a kai shi inda tsaro yake?

Ƙasa da sana'a

Ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo tana tsakanin gulabe biyu, Gulbin Rima daga arewa da Gulbin Sakkwato daga kudu, waɗanda ke haɗuwa kusa da birnin Sakkwato. A kan tudu ana noma gero da dawa da wake da damina. A fadama kuwa ana noma shinkafa, sannan da rani a shuka albasa da tafarnuwa da sauran kayan lambu. Akwai masunta a bakin gulbi, akwai kuma makiyaya da ke sauko da dabbobi fadama idan ciyawar tudu ta bushe.

Wannan tsarin rayuwa ya shafi makaranta kai tsaye. Ƙauyuka a warwatse suke, wasu a tsallaken ruwa, kuma gidan manomi yana buƙatar hannun kowa lokacin shuka da girbi. Yaron da zai yi tafiyar sa'a biyu kafin ya isa aji, ya sake yin irinta kafin ya dawo, da wuya ya kai ƙarshen zango. Ga yarinya kuwa, nisan hanya kaɗai ya isa iyaye su ce ta zauna gida.

Zamanin ribaɗi

Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, da kafa Sakkwato a 1809, sabuwar daular ba ta samu kwanciyar hankali a gabas da arewacinta ba. Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa da wasu Zamfarawa sun ci gaba da kai hari. Muhammadu Bello, wanda ya gaji mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817, ya tunkari lamarin ta hanyar gina garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, waɗanda ake kira ribaɗi, ya kuma ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu.

Ribaɗi ya wuce sansanin yaƙi. Gari ne cikakke da aka tanadar wa masallaci da alƙali da malamai da masu sana'a, ga gonaki kewaye da shi. Bello ya riƙa jan hankalin Fulani makiyaya su zauna a irin waɗannan garuruwa, su yi noma, su kiwata dawaki, su sa 'ya'yansu karatu. Hikimar tsarin ita ce, mutumin da ke da gida da gona da makarantar ɗansa a wuri, shi ne zai tsaya ya kare wurin.

Wurno ce mafi shahara a cikinsu. Bello da kansa ya koma can da zama, daga yankin ya jagoranci yaƙin Gawakuke a 1836, a can ya rasu a watan Oktoban 1837, kuma a can hubbarensa yake. Ɗansa, Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, shi ma a Wurno ya fi zama, kuma a zamaninsa ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a garin a 1853. Rabah da Gandi da Shinaka suna cikin jerin garuruwan da suka tsare wa Sakkwato gabas.

Ɗan Bello da sunansa ya haɗu da na Rabah shi ne Abubakar Atiku, wanda saboda zamansa a garin ake kiransa Atiku na Raba, don a bambanta shi da baffansa, Sarkin Musulmi Atiku na farko. Ya zama Sarkin Musulmi a 1873, ya rasu a 1877. Zuriyarsa ce ta ci gaba da riƙe sarautar Rabah, kuma ɗansa Ibrahim, hakimin Rabah, shi ne mahaifin Sardauna.

Karatun mata kafin zuwan boko

Koyar da matan karkara ba da boko ya zo wannan yanki ba. Shehu Usmanu ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kamar yadda ya zo a littafinsa Nurul Albab. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ce ta mayar da wannan ra'ayi tsari mai aiki.

Asma'u ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwar mace mai hankali da riƙon amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa a matsayin alamar muƙami. Jaji ce ke jagorantar tsofaffi da ƙananan 'yan mata daga ƙauyensu zuwa wurin Asma'u, su koyi karatu ta hanyar waƙoƙin da ta rubuta ko ta fassara cikin Hausa da Fulatanci, sannan su koma su koyar da matan aure da ba sa fita. Bayan rasuwarta, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.

Abin lura a tsarin shi ne yadda ya warware matsalar hanya. Mata ba sa tafiya su kaɗai, a ayari suke tafiya ƙarƙashin wadda gari ya amince da ita, kuma ilimin yana komawa ƙauyen da suka fito. Amincewar iyaye da mazaje ita ce jarin tsarin, kuma ita ce har gobe jarin kowace makarantar 'yan mata a karkara.

Boko da yaron Rabah

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Makarantar boko ta farko a birnin an buɗe ta ne a 1905 don 'ya'yan sarakuna, kuma ita ce ta riƙa sauya suna da matsayi, daga makarantar lardi zuwa midil, har ta zama Kwalejin Nagarta ta yau. Manufar Turawa ba ta wuce samar wa En'e malaman ofis da hakimai masu iya rubutu da lissafin haraji ba, don haka ba su ga dalilin kai makaranta mai zurfi ƙauye ba.

An haifi Ahmadu Bello a Rabah a 1910, kamar yadda ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara shida. A Rabah ya yi karatun allo, amma da lokacin boko ya yi sai da aka kai shi makarantar lardi a Sakkwato. Daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931. Kowane mataki na ilimi ƙara nisanta shi da gida ya yi, kuma haka abin yake ga duk ɗan lardin Sakkwato na wancan zamani: wanda ya gama midil sai ya tafi Katsina, daga baya Kaduna ko Zariya, bayan da kwalejin ta yi ƙaura.

Ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi hakimin Rabah. A 1938, bayan rasuwar Hassan, ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, amma Abubakar na Uku ya samu. A shekarar aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau. Ya zama Firimiyan Arewa a 1954, ya kuma riƙe muƙamin har sojoji suka kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966.

Gwamnatinsa ta faɗaɗa makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai a larduna, ta kuma kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, domin Arewa na fama da ƙarancin ma'aikata 'yan ƙasa da za su gaji Turawa. Amma karatun 'ya'ya mata ya kasance a baya ƙwarai. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na En'e a Kano da Katsina, sannan Kwalejin Horon Malamai Mata a Sakkwato a 1939, sai sakandaren 'yan mata ta gwamnatin Arewa a Ilori a 1956.

Akwai kuma gaskiyar da tarihi bai ɓoye ba: jam'iyyar Sardauna, NPC, ba ta yarda a bai wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a ba, alhali matan kudu suna zaɓe. 'Yan NEPU irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan wannan fafutuka da makamantanta. Matan Arewa ba su samu 'yancin ba sai a 1976. Saboda haka makarantar 'yan mata mai ɗauke da sunan Gamji a mahaifarsa tana tuna wa mutane abin da ya gina, tana kuma tuna musu abin da zamaninsa ya bari ba a kammala ba.

Yadda sakandare ta iso karkara

Sakandare ta yaɗu a karkarar Sakkwato ne bayan mulkin Sardauna. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka kuma ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta, duk a lokacin da kuɗin man fetur ke shigowa. Yaran da aka ɗiba a firamare a 1976 sun gama a farkon shekarun 1980, kuma dole a samar musu inda za su wuce. A daidai lokacin aka soma aiki da tsarin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a.

Ranar 30 ga Satumba, 1999, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE, kuma a birnin Sakkwato aka yi bikin. Dokar shirin ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, wato firamare da ƙaramar sakandare. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Babbar sakandare ba ta cikin wannan wajibci, tana wuyan jiha ne.

A nan muhimmancin makarantar kwana yake. Gwamnati ba za ta iya gina babbar sakandare mai ɗakin gwaje-gwaje da malamin lissafi da na kimiyya a kowane ƙauye ba, don haka ta tara ɗalibai daga garuruwa da yawa a wuri ɗaya, ta ciyar da su, ta kwantar da su. Ga yarinya 'yar karkara amfanin ya fi haka. Kwana a makaranta yana raba ta da talla da ɗibar ruwa da surfe, yana ba ta lokacin bitar karatu da dare, yana kuma sa maganar aure ta jira har ta rubuta jarabawar WAEC ko NECO. Daga irin waɗannan makarantu ne ake samun 'yan matan da ke shiga makarantun jinya da ungozoma da kwalejojin ilimi, a yankin da mata da yawa ba sa sakin jiki su nuna kansu ga namiji a asibiti.

Kwalejin Gamji ta juya alƙiblar da Ahmadu Bello ya bi yana yaro. Shi barin Rabah ya yi don neman boko, su kuwa 'yan mata zuwa Rabah suka riƙa yi daga wasu garuruwa don neman sa. Makarantar kwana kuma kasuwa ce ga garin da take: masu kawo hatsi da itace, masu dafa abinci, masu gadi, teloli, direbobin da ke jigilar iyaye ranar ziyara, da masu gidajen da malamai ke haya. Sunan da ta ɗauka na itacen gamji ne, babbar bishiya mai faɗin inuwa, wadda maroƙa suka kwatanta Sardauna da ita.

Ruwa: abin da ya samu Kagara

Kafin bindiga ta zama babbar barazana, ruwa ne ke katse karatu a wannan yanki. An kammala Madatsar Ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Tsawonta ya kai kilomita 12 da rabi, kuma an gina ta ne ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, don noman rani da samar wa Sakkwato ruwan sha.

A ƙarshen Agustan 2010 ruwan sama ya cika madatsar fiye da kima. Ranar 1 ga Satumba aka buɗe ƙofofinta don kada ta ɓalle, sai ruwan ya malale ƙauyen Kagara da ke ƙasa da ita a ƙasar Goronyo. Mako guda bayan haka ambaliyar ta tsananta, ta bi kwarin Rima ta cinye gidaje da gonaki da rumbuna, har ta karya gadar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin birnin Sakkwato.

Ambaliya tana cin makaranta ta hanya biyu. Idan gari ya nutse, makarantar da ke kan tudu ce ake fara buɗe wa waɗanda suka rasa muhalli, domin sau da yawa ita ce ginin siminti mafi girma a wurin, sai aji ya koma ɗakin kwana. Sannan manomin da ya rasa amfanin shekara ba shi da abin sayen kayan makaranta da guzuri da kuɗin mota, kuma idan sai an zaɓi wanda zai koma cikin yara, galibi 'ya mace ce ke zama.

Bai kamata a rikita wannan Kagara ta Goronyo da garin Kagara na Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja ba, wanda sunansa ya cika jaridu a 2021 saboda wata masifar daban.

Bindiga: daga Tabanni zuwa Disambar 2020

Rikicin 'yan bindiga ya yi shekaru yana ci a Zamfara kafin ya tsallako Sakkwato, kuma ƙasar Rabah na cikin inda ya fara shigowa, saboda dazuzzukan da suka haɗa ta da Zamfara da Isa, ciki har da dajin Gundumi. A watan Yulin 2018 mahara suka afka wa ƙauyen Tabanni da maƙwabtansa a gundumar Gandi, suka kashe fiye da mutum 30. Waɗanda suka tsira sun gudu Gandi, inda aka tsugunar da su a makarantar firamare. A Janairun 2019 an sake kashe mutum 26 a wasu ƙauyukan gundumar. Garin da aka gina don ya tsare iyaka a ƙarni na 19 ya zama matattarar 'yan gudun hijira a ƙarni na 21.

Ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. Tun satar 'yan mata 276 a Chibok a 2014 ake kallon irin wannan a matsayin matsalar Arewa maso Gabas, sai ga shi ta iso Arewa maso Yamma, a hannun masu neman kuɗin fansa. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ba da umarnin rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan bakin iyaka, ta kuma ce a haɗa ɗalibansu da na wasu makarantu masu manhaja iri ɗaya har tsaro ya inganta.

Mafi yawan makarantun suna shiyyar Sakkwato ta Gabas: Illela, Gada, Goronyo, Isa, Sabon Birni da Bafarawa. Biyu daga ciki a Ƙaramar Hukumar Rabah suke, wato Kwalejin Gamji da Sakandaren Gwamnati ta Gandi.

Abubuwan da suka biyo baya sun nuna tsoron ba na banza ba ne. Ranar 17 ga Fabrairu, 2021, aka sace ɗalibai 27 tare da ma'aikata da iyalansu a Kwalejin Kimiyya ta Kagara a Jihar Neja, aka kashe ɗalibi ɗaya. Ranar 26 ga watan aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe ta Zamfara. A watan Yuni aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a Kebbi. A Sakkwato kanta, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 a Satumbar 2021, har da Rabah da Goronyo, kuma ranar 17 ga Oktoba aka kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo. A Maris ɗin 2024 aka sace almajiran wata tsangaya a Gidan Bakuso ta ƙasar Gada, abin da ya nuna makarantar allo ma ba ta tsira ba.

Abin da rufe makaranta ke haifarwa

Dalilin da ya sa makarantar kwana ta dace da karkara shi ne kuma ya sa ta zama abin hari. An tara ɗaruruwan yara a wuri ɗaya, yawanci a bayan gari inda fili yake, da katanga gajera ko babu, da masu gadi marasa makami. Jami'in da ya sa hannu a takardar rufewa yana da hujja mai ƙarfi, domin ran yaro ɗaya ya fi zangon karatu.

Amma matakin yana da farashi, kuma ba kowa ke biyansa daidai ba. Idan aka mayar da ɗaliba birni, kuɗin mota ya ƙaru, hanyar kanta tana da haɗari, ziyara ta yi wuya, ajin da aka kai ta ya cika ya batse. Uban da ya amince 'yarsa ta kwana a Rabah saboda ya san garin da mutanensa, ba lalle ne ya amince ta tafi inda bai san kowa ba. Yaro namiji da ya yi shekara a gida yana iya komawa aji, yarinyar da ta yi shekara a gida sau da yawa aure ake yi mata, karatun ya tsaya ke nan. Malamai ma sukan nemi a sauya musu wurin aiki, kuma dawo da su ƙauye ya fi fitar da su wuya. Ginin da aka bari ba kowa kuwa, iska da ruwa da ɓarayin kwano ba sa jira.

Hukumar UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, yayin da UNESCO ta ce a 2022 adadin ya kai kusan miliyan 20 idan aka haɗa da masu shekarun sakandare. Mafi yawansu a Arewa suke.

Alkawura da kuɗi

A takarda, ba a rasa tanadi ba. Gwamnatin Sakkwato ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a ƙarshen 2015, ta kuma sa hannu a dokar kare haƙƙin yara a ƙarshen 2021. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta 2015, kuma Abuja ce ta karɓi baƙuncin babban taron duniya a kan yarjejeniyar a Oktoban 2021. A Disambar 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin kashe naira biliyan 144.8 a kan tsaron makarantu daga 2023 zuwa 2026. A 2023 Bankin Duniya ya ƙara dala miliyan 700 a shirin AGILE na karatun 'yan mata, kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 da aka shigar a wannan zagaye. Kuɗin bankin rance ne, 'yan ƙasa za su biya.

Sai dai sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya yi maganar ilimi kyauta, yana cikin babi na biyu, babin da kundin da kansa ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi kai tsaye. Ma'ana, makomar babbar sakandare a gari kamar Rabah ta fi rataya a kan kasafin kuɗin jiha da matsin lambar masu zaɓe. Tsaro kuwa yana hannun gwamnatin tarayya, wadda ke iko da sojoji da 'yan sanda. Jiha ce ke da makaranta, tarayya ce ke da bindiga, kuma a tsakanin hukumomin biyu ne alhaki ke yawan ɓacewa.

Saboda haka mai bibiyar lamarin yana da takamaiman tambayoyi da zai iya yi wa Ma'aikatar Ilimi ta jiha da 'yan majalisar yankin, har ma a rubuce, bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ɗalibai nawa ne ke rajistar makarantun nan 16 kafin Disambar 2020, kuma nawa ne cikinsu suka kai ga rubuta jarabawar kammalawa? Nawa aka ware wa katanga da masu gadi da hanyar sadarwa a kowace makaranta, nawa aka saki, wa ya karɓi kwangilar? Wane ma'auni ake bi kafin a ce makaranta ta koma mazauninta, kuma wa ke yanke hukuncin?

Muhammadu Bello ya fuskanci maharan da ke shigowa ta wannan kusurwa, ya amsa musu da gina gari mai ganuwa da malami a ciki. Hukumomin 2020 sun fuskanci mahara daga kusurwar nan, suka amsa da kwashe ɗalibai. Matakin gaggawa ne da ake iya karewa, amma ƙimarsa za ta dogara ne a kan adadin 'yan matan Rabah da Gandi da Goronyo da suka gama sakandare bayansa.